Lita Goman da Na Ƙara

Zahir, Makka.

Zuwa ga ɗana Majid,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa ka isa Yanbu lafiya, Ya sa ka shiga sabon masaukinka a sa'a, Ya haɗa ka da abokan aiki masu tsoronSa, Ya tsare ka a tudu da kuma a ruwa. Da gangan na ambaci ruwa, domin a kansa nake son mu yi magana.

Na rubuta maka da Hausa ko da yake na san Larabci ya fi zama a bakinka. Saƙon waya kana karanta shi da ido ɗaya kana tafiya. Hausa kuwa za ta zaunar da kai, ka bi ta kalma bayan kalma, kuma haka nake so. Labarin gida mahaifiyarka za ta ba ka, har da ƙari. Ni magana ɗaya ce ta sa na ɗauki alƙalami, wato allon nan da kawunka Hamza ya yi alkawarin ba ka.

Ka tuna ranar da aka yi maka liyafar bankwana. Hamza ya zo daga Jidda da ƙunshin tsire, ya zauna tsakanina da kai, ya fito da waya yana nuna maka wasan nan da ya shiga ranka. Mutum a tsaye kan allo a tsakiyar teku, yana riƙe da wani fiffike da aka hura wa iska, a ƙarƙashin allon kuma akwai doguwar sanda mai ƙananan fikafikai, wadda in gudu ya kai sai ta ɗaga allon sama da ruwa. Ku kuna kiran kayan da sunayensu na Turanci. Ni zan ce allo, da fiffike, da sandar ƙasa, ka kuma gane. Girman allon kuwa da lita ake auna shi.

Ka juya wajensa, ka ba ni ƙeya, ka kira shi kawu da Larabci, ka ce, "Khali, lita nawa kake ganin zan fara da ita?"

Ya ce, "Wace tambaya ce wannan? Ga nawa can a ajiye, lita saba'in da biyar. Ka zo ka ɗauka. Manyan allunan nan ai ƙofofin gareji ne, na tsofaffi da 'yan yawon buɗe ido."

Na ajiye kofin shayina na ce, "Majid, kilo nawa ne kai?"

Ka ce, "Saba'in da biyar, ya Baba. Ka ga ma daidai."

Hamza ya bushe da dariya, ya ce, "Yaya Injiniya, wannan fa ba tankin banɗaki ba ne. Teku ce. Yaushe rabonka da ka sa ko da yatsa a cikinta?"

Aka yi dariya, har da kai. Na ƙyale shi, domin ƙanin matar mutum yana da ikon wasa da shi. Bayan an watse mahaifiyarka tana kwashe kwanuka ta ce mini, "Abu Majid, ba allon ne ya dame ka ba. Kishi kake yi da Hamza."

Na ce mata ba ta san abin da take faɗa ba. Ta sani sarai. Shekara talatin da 'yan kai na yi ina lissafin lita a aikin ruwa na alhazai kafin in yi ritaya. Babu wata kalma a duniya da ta fi lita zama sana'ata. Ranar farko da ɗana ya bukaci sanin lita nawa, sai ya tsallake ni ya tambayi mai sayar da kayan gyaran na'urar sanyaya ɗaki. Wannan ya ci mini rai, kuma har yanzu yana ci. Na faɗa maka ne tun a nan domin ka auna maganata kana sane da cewa mai kishi ne ya yi ta. Amma kishi bai taɓa canja lissafi ba, saboda haka ga lissafin.

Da farko, kai ba kilo saba'in da biyar ba ne. Wannan nauyinka ne na shekarar da ka gama jami'a. Da muke auna akwatunanka a sikelin da muke auna wa baƙinmu na Kano kaya, ka hau kai kaɗai kafin ka ɗauki akwati, na kuma duba. Tamanin da huɗu ne. Lita ɗaya ta allo kilo ɗaya take ɗauka. Ruwan Bahar Maliya yana da gishiri, zai ƙara maka ɗan kaɗan, amma kada ka sa wannan a lissafi. Ka ɗora nauyin allon kansa, da sandar, da fiffiken, da jiƙaƙƙun tufafinka, abin da ba zai gaza kilo goma ba. Ka ga kafin a yi maganar tsayuwa ma, kana bukatar lita casa'in da huɗu don kawai kada ka nutse. Allon kawunka saba'in da biyar ne. In ka hau shi babu iska, zai shige ƙarƙashin ruwa da kai, ruwa ya kawo maka cinya ko ƙugu, yana zillewa kamar sabulu. Shi Hamza yana iya tashi da shi domin ya daɗe yana yi, kuma sirantaka ta taimake shi. Kai ɗan koyo ne.

Kada ka ce daga ina na san wannan. Tun ranar liyafar nake zaune da tabarau ina karanta abin da masu koyar da wasan suka rubuta, ina kallon darussansu. Mahaifiyarka ta kama ni sau biyu ina kife wayar kamar yaro. Kusan dukkansu bakinsu ɗaya: mai farawa ya ɗauki nauyinsa ya ƙara masa lita talatin zuwa arba'in. Na bi lissafin da kaina na ga ya tsaya. Naka ya faɗa a kan ɗari da ashirin.

Na san za ka ce rarar ta yi yawa. Ni ma na taɓa ƙin rara. A farkon aikina aka ba ni in fitar da girman tankin ruwa na wani sashe a Muzdalifa, inda alhazai ke yada zango. Na ɗauki yawan mutanen da aka rubuta, na ninka da abin da kowa zai bukata, na fitar da adadi cif, ko lita ɗaya ban ƙara ba. Alfahari ma nake yi cewa ban ɓarnatar da komai ba. Sai motoci suka sauke mutane fiye da na takarda. Mutane suka yi alwala, suka wanke ƙura, suka cika goruna don gobe, abubuwan da duk mai hankali ya san za su yi. Kafin asuba tanki ya ƙafe, tankokin agaji kuma suka kasa ratsa cunkoso. Babu wanda ya rasa ransa, alhamdu lillahi. Amma na ga wata tsohuwa ta murɗa famfo, ta sake murɗawa, ta sa kunne a bakinsa, sannan ta ɗauki butarta ta tafi. Tun daga ranar ban sake fitar da adadi babu rara ba.

To, kai ma tekunka tana da irin wannan asubar. Iskar Yanbu da rana take kaɗawa, kuma tana iya kwantawa gab da magariba ba tare da ta yi maka sallama ba. A lokacin kana nesa da gaɓa, hannuwanka sun mutu, fiffike ya zama ƙyalle. Mai babban allo yana iya tsayawa ko ya durƙusa a kansa ya lallaɓa ya dawo. Mai ƙaramin allo iyo zai yi, yana jan kaya, rana tana faɗuwa. Wannan shi ne abin da ke hana ni sukuni, Majid. Ba don ranar da komai ya tafi daidai ake sayen rarar nan ba. Don yammacin da iska ta janye ne, kana nan tsakiyar ruwa, ni ina Zahir ba ni da labari.

Amma kada ka ɗauka cewa nake yi duk abin da ya fi girma ya fi kyau. Wannan kuskuren ma na yi shi. Da aka yi mini ƙarin girma na farko, na sayi wata ƙatuwar mota ta Amurka, doguwa kamar jirgin ruwa, don in kai kakarka Harami a cikinta. A lokacin tana zaune a unguwar Nakkasa, can saman dutse, a gidan da aka haife ni, wanda yanzu ko harsashinsa babu. Ban auna lungun ba, ni da nake yawo da ma'auni a aljihu. Motar ta hau rabin hanya ta maƙale tsakanin katangar wani gida da matattakalar wani. Yaran unguwa da manyansu suka fito kallo. Kakarka ta sauko da ƙafarta, tana dafa bango, ta zagaya motar, ta leƙa ta taga ta ce, "Sannu da ƙoƙari. Yanzu wa zai kai wani gida, kai ko ita?"

Haka allo yake. In ya wuce kima, iska tana kama shi ta gefe, igiyar ruwa tana marinsa, yana manne wa ruwa ya ƙi tashi, ɗaukarsa daga mota zuwa gaɓa ma aiki ne. Saboda haka in mai kanti ya ga baƙon fuska ya nuna maka na lita ɗari da sittin, ka gode masa ka wuce. Ka kuma duba faɗi, kada ka tsaya ga lita kaɗai. Alluna biyu suna iya zama lita ɗaya, ɗaya siriri mai kauri, ɗaya mai faɗi. Mai faɗin za ka ɗauka, domin a kan gwiwa za ka fara, kuma faɗin ne zai hana shi kifewa sa'ad da kake ƙoƙarin miƙewa. Ka ce su ajiye shi a ƙasa, ka durƙusa a kai a cikin kantin, ka ga ko gwiwoyinka sun sami wuri. In sun yi maka dariya, su yi.

Wannan dariyar ita ce ainihin abin da nake ji maka tsoro, fiye da iska. Na ga fuskarka sa'ad da Hamza ya ce ƙofar gareji. Ba ka son a gan ka a gaɓa da allon 'yan koyo. Na san wannan fuskar, domin tawa ce.

Lokacin da aka tura ni karatu Ingila, garin da na zauna a bakin teku yake. Abokan karatuna suna da wata ƙungiya ta tuƙa ƙananan kwale-kwale masu filafilai, suka yi ta gayyata ta. Na je sau ɗaya. Mai koyarwa ya miƙo mini rigar hana nutsewa, ja jawur, ya nuna mini wani kwale-kwale mai faɗi kamar kwano, inda yara 'yan makaranta suke layi, ya ce a nan kowa yake farawa. Ni ne na ɗaya a ajinmu a lissafin motsin ruwa. Na dubi rigar, na dubi yaran, na ce masa ina da aikin makaranta. Na koma kan wani benci na zauna da kwat ɗina, ina kallon mutanen da nake gyara wa lissafi suna kifewa suna tashi suna ihu. Kusan kowace Asabar sai na je bencin nan har na gama karatu. In sun tambaye ni sai in ce iska nake sha. Hassada nake sha, Majid. Na dawo Makka da takardar shaida a kan ruwa, ban taɓa jiƙa ko idon sawuna a teku ba.

Saboda haka ka karɓi allon 'yan koyo, ka ɗauke shi a ka in ta kama, ka ratsa gaban ƙwararrun da shi. Ka sa hular kwano da rigar hana nutsewa ko da kai kaɗai ne ka sa. Ka ɗaure igiyar allo a ƙafa ko a ƙugu, ta fiffike a hannu, ka duba su kafin kowace shiga. Kada ka shiga ranar da iska ke busawa daga tudu zuwa cikin teku. Kada ka hau sai ruwa ya fi tsawon sandar ƙasa zurfi, domin gaɓar can cike take da duwatsun murjani. Kada ka shiga kai kaɗai. Wanda ya yi maka dariya yau ba zai tuna ba gobe, kai kuwa in kunya ta mayar da kai benci, za ka tuna har ka tsufa.

Saura magana ɗaya, ita ce mai wuyar. Kana da hujjar tambayar kawunka ka bar ni. Kakanka, mahaifina, ya ƙetaro daga Sudan zuwa Jidda yana matashi a cikin wani jirgin katako da aka cika fiye da kima, kuma abin da ya gani a wannan tafiya bai taɓa ba mu labarinsa duka ba. Abin da ya ce mana kawai shi ne ya ƙetare teku sau ɗaya saboda Ɗakin Allah, kuma babu ɗansa da zai koma mata don wasa. Na riƙe maganar nan, ta kuma yi mini daɗin riƙo, domin ta rufa wa bencina asiri. Da kana ƙarami ka roƙe ni in kai ka bakin teku kamar yadda ake kai 'yan ajinku, na hana, na ce tafiyar awa guda don a jiƙa wando ɓata lokaci ne. Sai Hamza ya riƙa ɗaukarka in ka je hutu Jidda. Shi ya tallafe cikinka a ruwa har ka iya iyo. Na gane ne ranar da ka dawo da yashi a kunne, na yi faɗa har mahaifiyarka ta yi kwanaki ba ta yi mini magana ba. Kowa ya ɗauka tsoro ne ya sa ni faɗan. Akwai tsoro a ciki. Amma abin da ya fi yawa shi ne, da ka shigo kana ba da labari, hannuwanka suna kwatanta yadda ka yi, "Khali ya ce" kake ta faɗa, sau nawa ban ƙirga ba, kuma murnar da ke fuskarka ban taɓa zama dalilin irinta ba.

Ba na neman ka raina kawunka. Ya yi maka abin da ni na ƙi yi, kuma yana ƙaunarka. Kyautarsa ma kada ka mayar masa, zai ji ciwo. Ka karɓa, ka gode, ka jingine ta a bayan ƙofa. In ka shekara kana yi, ka iya tashi ta dama da ta hagu, ka iya juyawa ba ka faɗi ba, sai ka sauko a hankali, daga babba zuwa matsakaici, har wata rana ka kai ga nasa. Ranar nan ka kira shi ya zo ya gani. Shawarata a nan ita ce, in Allah Ya ba ka ɗa, duk abin da ya roƙe ka ka koya masa, in ba saɓo ba ne, ka tashi ka je, ko da kai ma ba ka iya ba. Ku koya tare. In ka ƙi, wani zai je, kuma sunan wancan zai riƙa kira.

Yanzu ga abin da nake so ka saya. Na ce lissafinka ya tsaya a ɗari da ashirin. Ka sayi na ɗari da talatin, mai faɗi.

Na san ka, za ka koma sama ka sake bin lissafin, ka ga lita goma da ba su da dalili, ka ce tsoho ya fara ruɗewa. Ban ruɗe ba. A duk rayuwata ban taɓa sa adadi a takarda ba tare da na bayyana inda ya fito ba, ba kuma zan fara yau ba. Lita goman nan ba naka ba ne. Bayan ka sauka daga sikelin nan ka fita da akwati, ni ma na hau. Casa'in da ɗaya ne, ga gwiwar hagu da ka sani. Ɗari da ashirin zai yi mini kaɗan. Ɗari da talatin ba zai cuce ka ba, zai ɗan yi maka nauyin tashi ne kawai, ni kuma zai ɗauke ni.

Ba na mafarkin tashi sama da ruwa, na san shekaruna. In ka ƙware ka koma ƙaramin allo, kada ka sayar da babban. Ka ajiye mini. Zan zo Yanbu da sanyin shekara. Ka fara koya mini iyo a inda ƙafata take taɓa ƙasa, ka tallafe ni kamar yadda aka tallafe ka. Ka nemo mini rigar hana nutsewa, ko ja ce zan sa. Daga nan ka riƙe mini allon in durƙusa a kai, ka ba ni fiffiken, iska ta ja ni ko da tsawon ɗakin baƙin gidanmu ne. Sharaɗina ɗaya ne, kuma ba na jin kunyarsa: kai za ka koya mini, ba Hamza ba. In yana so ya zo, ya zauna a gaɓa ya riƙe mana takalma.

Mahaifiyarka ba ta san da wannan ba tukuna. Ka bari ni zan gaya mata, bayan ka aiko mini da hoton allon, inda aka rubuta litar ya fito sosai yadda zan iya karantawa.

Allah Ya yi maka albarka, Ya kiyaye fitarka da komowarka, Ya sa duk iskar da ta fitar da kai ta dawo da kai. Ka riƙe salla a kan lokacinta, kada la'asar ta wuce ka kana cikin ruwa. Ka ci abinci, amma ka riƙa hawa sikeli, domin lissafin nan a kan tamanin da huɗu na yi shi. Mahaifiyarka da ƙannenka suna gaishe ka. Na bar ka a hannun Wanda ajiyarSa ba ta ɓata, a tudu da ruwa, kai da tsohon da zai biyo ka.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka.